Shekarar da Anka Kai Ni Ƙara Don Na Yi Gyara

Samarin yanzu in sun tsaya bakin rumfata sunka ga ina haɗa waya biyu da dalma, sai in ji suna cewa ai wannan ko makaho ya yi. Ba ni musu da su. Amma ni Umaru mai rediyo na bakin kasuwar Wurno, haɗa waya biyu ya taɓa kai ni gaban mai gari, da masu ƙara cike da inuwar tsamiya, kuma laifin da anka tuhume ni da shi shi ne na gyara abu ya gyaru. Ku zauna in faɗa muku daga farko, don in na fara daga tsakiya za ku ce tsufa ya taɓa ni.

A Sakkwato na koyi sana'ar, wurin wani dattijo Malam Sambo. Watannin farko bai bar ni na taɓa rediyo mai rai ba. Matattu yake tara mini cikin buhu, in zauna in ɓare su, in cire kowane ɗan abu ba tare da na karya mishi ƙafa ba, in zuba kowane iri a kwalbarsa. Ƙarfen dalmarmu ba na lantarki ba ne irin naku. Guntun jan ƙarfe ne da mariƙin icce, bisa gawayi ake gasa shi. In bai yi zafi ba dalma ta ƙi narkewa, in ya wuce kima ya kashe abin da kake son ceto, kuma ba mai gaya maka ya yi daidai sai kumatunka in ka kusanto da shi. Malam Sambo kan ƙona abu da gangan, ya miƙo mini ya ce in shinshina in faɗi mi ya ƙone. A nan na san abubuwa uku da za su shigo labarin wanga: taransista, mai ƙafa uku, wanda ke ƙara wa murya ƙarfi, kwandensa, mai tara wuta ya riƙe, da rasista, mai rage wa wuta gudu. Kullum maganarsa guda ce, aikin mai gyara shi ne murya ta fito garau. Gurnani da shaƙewa da tsatsa a murya duk abokan gabanmu ne.

Na dawo gida lokacin da aikin dam na Goronyo ya kankama. Leburori da direbobi sun cika ko'ina, kowa ya ɗauki albashi sai ya sayi rediyo ya rataya a kafaɗa, ƙura da rana kuma su yi mini aikin kawo su. Ina da keke da akwatin katako a baya, ina bin kasuwanni, yau Goronyo, gobe Rabah, wani mako har Gandi. Ban rasa komai ba.

Wata Litinin da hantsi wani dogon mutum ya shigo rumfata da abu naɗe cikin bargo kamar ya ɗauko maras lafiya. Na san shi, Haruna ne mai molo, mutumin wajen Kwargaba. Ya yi shekara biyu yana dafa wa wani Bature injiniya abinci a sansanin ma'aikatan dam, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar mishi jita mai amfani da wuta. Haruna ya riga ya sayi amfilifaya irin ta masu tallan magani, da lasifika mai faɗin baki, da tsohon batirin mota. Na haɗa mishi su, ya kaɗa, murya ta fito tas, har mai shayi na kusa da ni ya bar tukunyarsa ya leƙo. Na ce to ai lafiyarta lau. Haruna ya girgiza kai.

"Malam Umaru, ba gyara nika so ba. So nikai ka ɓata min ita."

Na ce mishi ya maimaita. Sai ya yi mini bayani cewa Baturen yana da wani ɗan akwati da yake ajewa ƙasa tsakanin jitar da amfilifaya, in ya taka shi da ƙafa sai muryar jitar ta kumbura ta yi gurnani. Da akwatin ya tafi. Na tambaye shi mi ke cikin akwatin, ya ce bai taɓa buɗewa ba, share shi kawai yake yi. Na ce to yaya kukan yake? Sai wanga babban mutum, mai mata da 'ya'ya, ya rufe ido ya dafe maƙogwaro ya shiga yi mini kukan da baki a tsakiyar kasuwa. Abin ya yi kama da amale in ya tumbatsa, ya kuma yi kama da injin niƙa in ya haɗiye tsakuwa. Ya yi sau uku don in riƙe. Mai shayi ya ɗebo ruwa ya kawo mishi.

Kwana huɗu ina juya maganar. Duk abin da Malam Sambo ya koya mini in kore, shi anka zo saye. Daga baya na tuna cewa rediyo kan yi irin wannan gurnani in anka ɗora wa taransista abin da ya fi ƙarfinsa. Na zazzage kwalabena na fiddo wasu tsofaffin taransistoci guda biyu masu hular ƙarfe, waɗanda na cire daga rediyon wani tsohon alƙali, na jera su yadda na farko zai ɗura wa na biyu murya fiye da cikinsa. Na zuba su cikin gwangwanin sardin. Haruna ya zo da sassafe ya kaɗa. Murya ce mai kauri, mai taushi a ƙarshe, kamar tsoho mai iya waƙa da mura ta kama. Haruna ya zauna ƙasa ya ce ta Baturen ma ba ta kai wagga ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, masu hular ƙarfe ba su son zafi. A ƙasar da anka ƙera su wataƙila ba a lura, amma nan Wurno ce. An gayyaci Haruna bikin suna a Magarya. Da safe ya tara jama'a har bisa katanga. Rana na ɗagawa muryar ta fara sirancewa, kafin azahar ta koma kamar akuya mai tari, daga nan ta ɗauke. Ya dawo mini da fushi, na gwada washegari da sanyin safiya, lafiya lau. Sai da anka yi haka sau uku na gane rana ce. Haruna ya samo dabararsa. Ya naɗe gwangwanin da leda, ya rufa mishi tsumman buhu, yana tafe da buta, duk waƙa biyu sai ya duƙa ya yayyafa wa buhun ruwa. Mutane sunka ga mutum yana shayar da akwati, akwati kuma yana gurnani in ya sha, sai magana ta bazu cewa akwai mai rai ciki. A wani biki wata tsohuwa ta kawo ludayin fura ta aje gaban buhun, ta ce a ba bawan Allah, tun safe ruwa kawai ake ba shi.

Na ce wannan ba sana'a ba ce. Na haɗa mishi wani da baƙaƙen taransistoci na sababbin rediyo, waɗanda ko cikin tanda ka sa su ba ruwansu. Wannan bai san rana ba, amma muryarsa ba daɗi, kamar zanzaro cikin gwangwani. Haruna ya ce da safe shina son tsohon, in rana ta take ya koma ga zanzaron, kuma ba shi son ya tsaya cire waya a gaban mutane, hannunsa biyu duk suna bisa jita. Ke nan akwati guda, murya biyu, a sauya da ƙafa.

To a nan aikin yake, ku da kuke cewa makunni ai kunnawa ne da kashewa. Wanda nake nema mai ƙafa uku ne: ta tsakiya ita ce hanyar fita zuwa amfilifaya, na gefe biyu kowace tana riƙe da murya guda, in anka taka ya saki wagga ya kama waccan. Ƙananan makunnan rediyo ba su jure ƙafar Haruna, na gwada biyu ya murƙushe su. Sai wani direba ya tuna mini cewa tsofaffin manyan motoci suna da irinsa ƙasa kusa da kuloci, wanda ake takawa a sauya fitila daga doguwa zuwa gajera. Na hau keke har Goronyo, bayan sansanin ma'aikata inda anka yada matattun tifofi, na gyara wa mai gadi rediyonsa, ya bar ni na shiga ƙarƙashin sitiyari na kwance guda. Wani maƙeri a Rabah ya ƙera mini akwati da murfin tsohon injin ban ruwa, mai nauyin da in ya faɗo maka a ƙafa sai an kai ka wurin mai ɗori. Na jera tsohon a hagu, zanzaron a dama, makunni a tsakiya.

Ranar kasuwa munka gwada. Haruna ya kaɗa da muryar tsohon, ya dube ni ya yi murmushi, ya ɗaga ƙafa ya taka. Lasifikar ta yi wata ƙara kamar an harba bindigar toka cikin rumfar. Jakin wani mai albasa ya tsinke igiya ya bi ta layin masu tukwane da buhu biyu a bayansa. Na ce wataƙila na farko ne, ya sake takawa. Ta sake. Muryoyin biyu kam suna fita daidai yadda ake so, amma duk sauyi sai an yi harbi tsakani.

Haruna ya ce zai riƙa takawa daidai bugun ganga, ba mai lura. Ya tafi da shi wani biki a Gandi. Abin da na ji daga baya, takun farko maza sunka tsallake katanga, mata sunka kife kwanonin tuwo, wani tsohon soja kuma ya kwanta rub da ciki yana umartar kowa ya yi haka. Daga ranar sunansa ya koma Haruna Bindiga, gayyata ta ɗauke ƙaf. Mutumin da ya bar molo da ke ciyar da gidansa ya bi jita, ga shi ba molon ba jitar. Ni ma abin ya shafe ni, don mutane sun fara cewa kada a kai wa Umaru rediyo ya sa mata harsashi.

Ba abin da ban yi wa makunnin nan ba. Na wanke shi da fetur, na ɗiga mishi man keke, na naɗe shi da tsumma. Na ce wa Haruna ya cire takalmi ya taka a hankali da babban yatsa. Ko da yatsan hannu ka lallaɓa shi sai ya harba. Maƙwabtan Haruna sunka hana shi gwaji cikin gari, sai ya kwashi kayansa ya koma fadama, gonar shinkafar kawunsa Sarkin Noma Ladan, inda ba mai jinsa. Daga nan na daina ganinsa, na ɗauka fushi yake yi da ni, kuma ban ga laifinsa ba.

Da dabara ta ƙare mini na shiga mota zuwa Sakkwato wurin Malam Sambo. Na iske idanunsa sun yi rauni, shina zaune ƙofar gida. Na kwashe labari na faɗa mishi. Ya daɗe yana dariya a kan furar, sannan ya tambaye ni ko kowace murya tana fita ta cikin kwandensa. Na ce e. Ya ce to ni da nake zaune cikin masu noman rani ban ga yadda ruwa ke yi ba in anka toshe hanya ya taru, sannan a fasa bakin gaba ɗaya? Ɓangaren da ba a amfani da shi kwandensansa yana nan yana tara wuta ba mafita, ana takawa sai ya amayar da ita duka cikin amfilifaya. Ya ce in yi wa kowane ɓangare ɗan magudani, babban rasista daga bakin kwandensa zuwa jikin akwati, wuta ta riƙa tsiyayewa a hankali. Ya sa anka ɗauko mishi kwalba, ya zube su a tafin hannu, ina karanta mishi launin zanen jikinsu har munka kai ga waɗanda yake nufi. Abu biyu, kowane bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na soke su cikin naɗin hulata na dawo.

Shekarar nan ita ce muguwar shekara, ta jan-baki. Wanda bai ga jan-baki ba ba zai gane ba. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, amma in sun taso sai ka ce hadari ya haɗo, su sauka bisa shinkafa lokacin da take nono, kafin ka je gida ka dawo sun bar maka kara tsaye. Mutane sun yi igiyoyin gwangwani, sun yi majajjawa, sun yi ihu har muryoyi sunka dushe. Ina jin labari kamar kowa a rumfa, ban san abin ya haɗa da ni ba.

Ana cikin haka wani direban a-kori-kura ya kawo mini akwatin Haruna, da saƙo cewa wayar batir ta tsinke, in liƙa in ba direban ya koma da shi yau yau. Na liƙa wayar. Sai na ce yau zan wanke kunyata. Na zare rasistocin nan daga hula, na gasa ƙarfe, na ɗora kowane a wurinsa. Na haɗa da amfilifayar rumfa na taka. Shiru. Na sake takawa, na yi tsalle na dira bisa shi da ƙafa biyu, ko ƙis. Ban gaya wa direban komai ba, so nake Haruna ya taka ya ji da kansa. Har alawa na saya na raba wa masu rumfunan kusa.

Kwana biyu sai ga ɗan saƙon mai garin su Haruna, ya ce ana nemana, in taho da kayan aikina. Na ɗaura akwati a keke ina tunanin tukuici. Na iske mai gari zaune gindin tsamiya, manoma jere ba mai fara'a, Haruna can gefe kansa ƙasa, akwatin ƙarfen kuma aje a tsakiya bisa tabarma kamar kayan sata. Sarkin Noma Ladan ya tashi ya yi bayani, a nan na ji abin da ya faru. Ashe tun da Haruna ya koma gwaji a fadama, duk gonakin da ke kewaye tsuntsu ya taɓa su, ban da ta kawunsa. Da manoma sunka gane dalili sai sunka ɗauke shi aiki. Sun samo mishi amalanke da wani jaki kurma, safe da yamma shina bin bakin hanyar ruwa, zaune bisa batir, yana kaɗa jita yana taka akwati, tsuntsaye suna tashi. Shi ya sa ban gan shi ba, ba fushi ba ne, aiki ya yi mishi yawa. Ranar da akwatin ya dawo daga hannuna, jan-baki sunka sauko da hantsi, Haruna ya taka, ya taka, ya tashi tsaye ya taka, ba abin da ke fita sai kiɗi mai daɗi. Tsuntsaye sunka ci gonaki uku yana yi musu kiɗi.

Mai gari ya dube ni. "Malam Umaru, an ce ka gyara akwatin wanga. Gaskiya ta?"

Na ce gaskiya ta, ranka shi daɗe.

"Wa yas sa ka?"

Na ce ba kowa, lalace yake, ni kuma mai gyara ne.

Sarkin Noma ya ce, "Ranka shi daɗe, sadda shike lalace lahiya lau shika aiki. Shi yag gyara shi, ga shi mun rasa shinkahwa."

Na so in yi dariya, amma na dubi mutum ukun da anka cinye wa gona, ɗaya dattijo ne da na sani, noman nan shi ne abincin gidansa na shekara. Dariyar ta koma ciki. Mai gari ya tambayi limamin garin ko akwai hukunci a littafi ga wanda ya gyara abu ba da izini ba. Liman ya ce bai taɓa cin karo da shi ba, amma zai duba. Mai gari ya ce ba lokacin dubawa, tsuntsu na dawowa da la'asar. Ya yanke cewa in mayar wa akwatin da lalacewarsa yadda na same ta, a nan gabansa, kuma kada in rage ko kaɗan.

Aikin ƙiftawar ido ne, in sa filaya in cizge rasistocin nan biyu. Na buɗe akwatin, an kawo mini garwashi a kasko daga wani gida. Sai Haruna ya matso kamar zai riƙe mini murfi, ya yi ƙasa da murya ya ce don Allah kada in jefar da su. Ya ce ranar da tsuntsayen ke cin gonar, duk da hankalinsa a tashe yake, ya ji jitar ta tashi daga muryar tsoho ta shiga ta zanzaro sumul, ba harbi, abin da yake nema ke nan tun farko. Ya ce tsuntsu zai wuce, shi kuma makaɗi ne.

Sai na cire ɗan makunnin hannu mai ƙafa shida daga wata matacciyar rediyo a akwatina, na huda gefen ƙarfen, na bi da rasistocin biyu ta cikinsa. In ka tura shi sama magudanan sun haɗu, akwati ya yi shiru. In ka ja shi ƙasa sun yanke, bindiga ta dawo. Na ɗauki ƙusa na karta rubutun ajami, sama biki, ƙasa gona. Na ja shi ƙasa na ce Haruna ya taka. Ƙarar ta zubo da tsamiya bisa rawanin mai gari. Manoma sunka yi ta hamdala, Sarkin Noma ya kama hannuna ya ce yanzu na yi aiki.

Ba a nan ta ƙare ba, don jan-baki ba wawaye ba ne. Bayan mako guda sun saba. In anka harba sai su ɗan yi tsalle su koma cin abincinsu. Anka sake aiko mini, wannan karon da girmamawa. Na zauna na yi tunani cewa girman ƙarar daga girman kwandensa yake. Na cire makunnin nan mai juyawa da ake sauya zangon tasha da shi a rediyo, mai baki biyar, na ɗaura wa kowane baki kwandensa daban, daga ƙarami har babba. Ƙaramin ya ba da ƙara kamar bulala, na tsakiya kamar an fasa tulu, babban kuwa ko jakin kurman sai da ya waiwayo. Haruna ya riƙa juyawa yana takawa, tsuntsu bai san wadda za ta zo ba. Da haka, da majajjawa, da igiyoyin gwangwani, anka tsira da abin da anka tsira da shi. Ba duka ba. Dattijon nan da anka cinye wa gona, manoma sunka tara mishi daga nasu, ni ma na bar mishi abin da anka ba ni na wannan aikin, don ban ga yadda zan ci shi ba.

Gyaran rediyo kuwa ya mutu a shekarar, wanda tsuntsu ya cinye wa gona ba shi tunanin batir. Abin da ya riƙe gidana shi ne akwatunan ƙara. Manoma daga wajen Rabah da Goronyo sunka yi ta zuwa, ba su son jita, ba su son murya, harbin kawai. Ni da na yi shekaru ina koyon yadda ake korar ƙara daga murya, na ƙare kakar nan ina sayar da ƙara zalla ba muryar, ana biyana da shinkafa da albasa. Wani ma ya dawo mini da nasa yana faɗa, wai na yi mishi ha'inci, nasa bai kai na maƙwabcinsa lalacewa ba.

Bayan an kai amfani gida Sarkin Noma ya yi walima a ƙofar gidansa, ya ce Haruna zai yi wasa, ni kuma anka ba ni kujera a gaba. Da la'asar sakaliya ne, iska ta yi sanyi, daidai yadda masu hular ƙarfe ke so. Na ga Haruna ya duƙa ya tura ɗan makunnin sama. Ya fara da muryar tsohon, a hankali, wata waƙar noma da kowa ya sani tun zamanin molo. Da ya kai tsakiya ya taka, zanzaron ya karɓa ya haye sama, ya sake takawa tsohon ya dawo, ba ko ƙis a tsakani. Tun da nake aiki ban taɓa jin abin da ya fita daga hannuna ya yi kyau haka ba.

Amma fili ba mai motsi. Mutanen nan sun yi wata biyu suna jin waƙoƙin Haruna daga gonakinsu, kuma sun riƙe su da harbin a ciki. Duk inda ya ɗaga ƙafa sai in ga kafaɗu sun ɗaga, mata sun toshe kunne suna murmushi, ya taka, shiru, kafaɗu su sauka. Sau uku ana haka. Sai Sarkin Noma ya taso daga wurinsa, ya zo ya duƙa kusa da kunnena cikin ladabi, don kada ya kunyata ni gaban jama'a.

"Malam Umaru, ko ka sake gyara shi na?"

Haruna ya ji. Ya dube ni, na dube shi. Ya ƙarasa baitin da yake kai har ƙarshe da muryar tsohon, bai gaggauta ba, na san ni ya yi wa wannan. Sannan ya sa babban yatsan ƙafa ya ja makunnin ƙasa, ya juya mai baki biyar ɗin zuwa babba, ya taka. Kaji sunka watse, fili ya ɗauki guɗa, tsofaffi sunka tashi rawa.

Daga ranar gayyata ta dawo mishi har ta fi ta da, kuma duk mai gayyata sai ya ja kunnensa cewa da bindigar ake so. Ya yi shekaru yana wasa daga Wurno har Gandi. Akwatin yakan zo mini lokaci lokaci in sauya waya ko in ɗaure dalma, kuma na sauya makunnin ƙafa sau huɗu don ya cinye. Ɗan na hannun kuwa ban taɓa sauya shi ba. Tsatsa ce ta kama shi a ƙasa, wajen da na rubuta gona, ko da filaya ba ya tashi.